SUNA LINZAMI: Maharazu, Mahraz ko Mahrez? Asalin Sunan da Ya Haɗa Ƙaraye da Tunis

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau suna ɗaya tak za mu ɗauka. Suna ne da idan ka shiga ajin firamare mai yara ɗari, da wuya ka samu mai shi ko guda. Za ka samu Muhammad goma, Abubakar biyar, Sadik da Khalifa ba adadi, amma shi shiru. Sunan shi ne Maharazu.

Me ya sa shi? A watan Yulin 2024, bayan gwamnatin Kano ta kafa masarautu uku masu daraja ta biyu, wato Rano da Gaya da Ƙaraye, an sanar da sunan sabon Sarkin Ƙaraye: Alhaji Muhammad Mahraz Ƙaraye, wanda kafin nan shi ne Hakimin Rogo. Masarautar kuwa ƙananan hukumomi biyu ta ƙunsa, Ƙaraye da Rogo. To ba siyasar masarautu ce ta kawo mu ba, wannan mun bar wa masu ita. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda kafafen labarai suka rinƙa rubuta sunan. Wannan ya rubuta Mahraz, wancan Maharaz, wani Maharazu. Mutum ɗaya, rubutu uku. Sai tambaya ta taso: wane ne daidai, kuma me sunan yake nufi ma tukuna?

Akwai masu ɗaukar cewa sunan gargajiya ne irin su Tanko da Barau da Ɗanjuma. Akwai kuma samarin da ake kiransu da shi suna jin nauyi, suna ganin sunan ƙauye ne, har sukan ɓoye shi a Facebook su sa wani. To ku biyo ni, in mun gama sai kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

TUSHEN SUNAN

Larabci harshe ne mai tafiya da saiwa. Yawancin kalmominsa daga haruffa uku suke tsirowa, kamar yadda rassa ke fitowa daga kututture guda. Saiwar wannan suna ita ce ح ر ز, wato ha da ra da za. Daga nan aka samu kalmar hirzi. Hirzi a wurin Balarabe shi ne wurin da ake adana abu ya tsira: kagara, ɗaki mai makulli, akwati, shinge. Mu a nan sai mu ce rumbu, ko ganuwa irin wadda ta kewaye tsofaffin garuruwanmu.

Daga hirzi sai aikatau ahraza, ma'ana ya tsare abu, ya killace shi, ya sa shi inda hannun ɓarawo ba zai kai ba. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Muhriz. Ku lura da awon: aslama ya ba mu Muslim, ahsana ya ba mu Muhsin, ahraza ya ba mu Muhriz. Awo ɗaya ne. Don haka asalin sunan a Larabcin littafi Muhriz ne, مُحْرِز, mai tsarewa, mai adanawa.

Idan kuma ka canza wasali ɗaya ka ce Muhraz, ma'ana ta juya ta koma abin da aka tsare, wanda aka killace. Kun ga ko ta ina aka ɓullo, alheri ne: ko dai yaron ya zama mai tsaro, ko ya zama tsararre.

Akwai ma'ana ta biyu da ta tsiro daga ta farko. Larabawan da in za su yi sukuwa, sukan kafa kara a ƙarshen fili. Mahayin da ya riga kowa isa sai ya fizge karan ya riƙe, shi ne shaidar cewa shi ya zo na ɗaya. Wannan fizgewa da mallakewa, da kalmar ahraza suke faɗarta. Shi ya sa kalmar ta ɗauki ma'anar cin nasara da samun abin da ake nema. Har gobe, in ka kunna tashar Larabawa ana wasan ƙwallo, da wannan aikatau ɗin mai sharhi zai ce wane ya ci ƙwallo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

INDA ƊALIBAN ILIMI SUKA SAN KALMAR

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya kai babin haddi a fiƙihu, ya haɗu da hirzi. A mazhabar Malikiyya ba a yanke hannun ɓarawo sai abin da ya sata ya kai nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami 3, kuma sai ya fitar da shi daga hirzinsa. Kowane abu da irin nasa hirzin. 'Ya'yan itacen da ke rataye a bishiya ba su shiga hirzi ba tukuna, sai an tsinke an kai inda ake tarawa. Tumakin da ke kiwo a daji ba su shiga ba, sai sun koma garke. Manomin Rogo zai gane wannan da sauri: masarar da ke tsaye a gona daban, wadda aka ɗaure aka zuba a rumbu aka rufe daban. Wanda ya taɓa ta gona ma ya yi laifi kuma akwai horonsa, amma haddi yana kan wanda ya keta hirzi.

Masu karatun ƙira'a su ma sun san ta. Shahararriyar waƙar nan ta Imam Shaɗibi kan ƙira'o'i bakwai, wadda ɗalibai ke kira Shaɗibiyya, ainihin sunanta da wannan kalma ya fara: Hirzul Amani. Sannan a ƙasashen Larabawa da dama ana kiran laya hirzi, saboda masu ratayawa suna nufin tsari da ita. Har harshen Suwahili na gabashin Afirka ya ari kalmar, suna ce wa laya hirizi. Hukuncin laya dai magana ce ta malamai, ba ita muke yi yau ba. Abin da muke nunawa shi ne duk inda saiwar nan ta ɓulla, tsari take nufi.

SAHABIN DA YA RIGA KOWA

Yanzu su wa suka amsa sunan? Na farko da ya kamata kowane Maharazu ya sani shi ne Muhriz ɗan Nadla, Sahabi daga ƙabilar Banu Asad, wanda ake yi wa laƙabi da Al-Akhram. Ya yi hijira zuwa Madina, kuma ya halarci Badar.

Wata rana mahara daga ƙabilar Fazara suka faɗa wa raƙuman Manzon Allah (SAW) a makiyayarsu da ke wani wuri mai suna Gaba, kusa da Madina. Suka kashe makiyayin, suka kora dabbobin. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayanin irin wannan hari ba. Salama ɗan Akwa'u, gwanin gudu da harbi, ya bi su da ƙafa shi kaɗai yana yi musu ruwan kibau. Da mahayan Madina suka taso, wanda ya fara isowa shi ne Muhriz. Salama ya kama linzamin dokinsa, ya ba shi shawarar ya dakata sauran su iso, kada maharan su ware shi su kashe. Muhriz ya roƙe shi da girman Allah kada ya shiga tsakaninsa da shahada. Salama ya sake shi. Ya tari jagoran maharan, Abdurrahman Bafazare, ya sare masa doki, shi kuma ya soke shi da mashi ya yi shahada. Nan take Abu Ƙatada ya iso ya kashe Abdurrahman.

Wannan shi ne yaƙin Zu Ƙarad. Ƙissar tana cikin Sahihu Muslim da laƙabinsa na Al-Akhram, littattafan sira kuma suka kawo cikakken sunansa. Ku duba yadda suna ya bi jiki: mutumin da sunansa ke nufin mai tsare dukiya, a wurin ƙwato dukiyar da aka sace ya ba da ransa.

Wani abin lura kuma, Manzon Allah (SAW) ya kasance yana canza sunayen da ba su dace ba. Ya mayar da Barra ta koma Zainab. Ya mayar da wata mai suna Asiya da harafin sadi, wato mai saɓo, ta koma Jamila. Amma Muhriz ya rayu da sunansa har ya yi shahada da shi. A cikin tabi'ai ma akwai Safwan ɗan Muhriz, mutumin Basra, wanda ya ruwaito hadisi daga Abdullahi ɗan Umar, kuma ruwayarsa tana cikin Bukhari da Muslim.

MALAMIN YARA NA TUNIS

Na biyu shi ne ya fi kusa da mu, duk da nisan garinsu. Ku tuna jerin littattafan zaure: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sai Risala, kafin a kai Askari da Mukhtasar. Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ce, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, daidai da 996. A farkon littafin, marubucin yana magana da wani mutum da ya roƙe shi ya rubuta taƙaitaccen bayanin addini domin a koya wa yara. Wane ne wannan mutum? Masu sharhin Risala da yawa sun ce shi ne Shehu Muhriz ɗan Khalaf.

Shi wannan bawan Allah malamin yara ne a birnin Tunis, irin malaminmu na allo, har ana yi masa laƙabi da Al-Mu'addib, mai tarbiyya. Ana danganta nasabarsa ga Sayyidina Abubakar Siddiƙ. Ya rayu a lokacin da birnin ke farfaɗowa daga ɓarnar yaƙi, kuma tarihin garin yana danganta masa ƙarfafa wa mutane gwiwa su sake gina ganuwa su raya kasuwanni. Ana kuma ba da labarin cewa shi ya sa aka bar Yahudawan garin suka zauna a cikin ganuwa, a unguwar da ake kira Hara, maimakon su riƙa kwana a waje cikin haɗari. Ya rasu a 413 bayan hijira, wato 1022.

Har yau mutanen Tunis suna kiransa Sidi Mahrez, suna yi masa kirari da Sarkin Birni. Kabarinsa yana kusa da Bab Suwaiƙa, kuma daura da shi akwai babban masallaci mai fararen ƙubbobi da aka gina a ƙarshen ƙarni na 17, wanda ake kira da sunansa. A can har mata ana sa musu Mehrezia.

To kun ji. Duk almajirin da ya buɗe Risala a Ƙaraye ko Rogo, ko a Zariya ko Katsina, yana cin albarkacin roƙon da wani Maharazu ya yi sama da shekara dubu da ta wuce. Wannan ne ake kira sunan ƙauye?

YADDA MUHRIZ YA KOMA MAHARAZU

Abu uku ne suka haɗu.

Na farko, rubutun Larabci na yau da kullum ba ya sa wasali. Haruffa huɗu kawai za ka gani: محرز. Mai karatu ne zai sa wasalin da bakinsa. Mutanen Arewacin Afirka, Tunisiya da Aljeriya da Maroko, sukan danne wasalin farko su ce Mahrez. Mu kuwa ta wannan ɓangaren karatunmu ya biyo: mazhabarmu Malikiyya, ƙira'armu ta allo Warshu, rubutunmu na allo ɗan gidan rubutun Magrib ne. Ba abin mamaki ba ne namu furucin ya fi kama da nasu, da "Ma" a farko.

Na biyu, bakin Bahaushe ba ya son ha da ra su haɗu ba wasali a tsakani. Zuhr ta zama azahar. Sihr ya zama sihiri. Bahr ya zama bahar, kamar a Bahar Maliya. Haka Mahraz ya zama Maharaz.

Na uku, muna son rufe suna da wasali, sau da yawa "u". Mu'az ya koma Ma'azu, Haris ya koma Harisu, Hafiz ya koma Hafizu, Sabit ya koma Sabitu. Sai Maharaz ya koma Maharazu. Shi ke nan. Ba ɓata suna aka yi ba, riga aka ɗinka masa daidai jikin harshenmu.

Amma a kula da ɗigo. In ka cire ɗigon da ke kan harafin ƙarshe, محرز ya koma محرر, wato Muharrar, 'yantacce. Shi ma suna ne na gaske, ɗan Abu Huraira ma haka sunansa, amma saiwarsu ba ɗaya ba ce. Malaman hadisi har fanni guda suka ware don irin waɗannan sunaye masu kama a rubuce, saboda ɗigo ɗaya kan iya mayar da wani ya zama wani.

WANDA YA SA MU KUKA A ALƘAHIRA

Masu kallon ƙwallo na san tun ɗazu kuke jira. E, shi ne. Riyad Mahrez na Aljeriya, wanda ya ci Firimiya da Leicester City a 2016, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a shekarar, ya koma Manchester City a 2018. Shi ne kuma a watan Yulin 2019, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Masar, ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, ya buga bugun tazara a daƙiƙun ƙarshe ya fitar da Najeriya. Gidajen kallo suka yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa.

Shi a wurinsa sunan dangi ne, amma kalmar ita ce dai. Ku tuna mun ce da wannan aikatau Larabawa ke cewa an ci ƙwallo. Wato a ranar, Mahrez ya yi ahraza, mai suna ya aikata sunansa a kanmu.

Ga abin dariyar. Sai ka ga saurayi ya sa rigar ƙwallo da Mahrez ɓaro-ɓaro a baya yana taƙama, amma in aka ce ya sa wa ɗansa sunan kakansa Maharazu sai ya yamutsa fuska. Ɗan'uwa, suna ɗaya ne fa. Ɗaya ya biyo ta Faransa da talabijin, ɗaya ya biyo ta Sahara da littafi.

ME YA SA YA YI ƘARANCI?

Mu Hausawa sunayen Annabawa da manyan Sahabbai muka fi sawa, kuma wannan alheri ne. Sunaye irin su Maharazu sun fi rayuwa ta hanyar gado: a mayar wa jariri sunan kaka ko na malamin gida. To amma da an mayar, sai alkunya ta shigo. Uwa ba za ta kira sunan surukinta ba, sai yaro ya koma Abba, ko Baffa, ko Khalifa. Sunan yanka ya kwanta a takarda. In aka yi zuriya biyu a haka, sai ya ɓace daga kunnen mutane.

A ɗaya gefen kuma ga yayin sunayen intanet. Ana haihuwa, amarya da ango sun duƙufa kan waya suna neman sunan da ba kowa ke da shi ba. Ba laifi ba ne son suna mai daɗi. Amma sau nawa ake tambayar ma'ana? Sudais da Shuraim da muke sa wa yara don ƙaunar limaman Harami, sunayen danginsu ne, na farko sunansa Abdurrahman, na biyu Sa'ud. Wasu sunayen kuwa daga fim aka tsinto su, in ka kai wa malamin Larabci sai ya yi ta juya su ya rasa saiwarsu. Ana neman baƙon suna a waje, alhali ga irinsa a cikin gida, mai asali, mai tarihi, an bar shi yana tsufa tare da tsofaffi.

SHAWARA GA MASU SUNAN DA IYAYEN GOBE

Ta farko, a tsayar da rubutu ɗaya. Mahraz, Maharaz, Maharazu, duk sun halatta, amma kwamfuta ba ta san haka ba. In takardar haihuwa ta ce Maharazu, ta firamare ta ce Muharazu, NIN ta ce Mahraz, BVN ta ce wani abu daban, to ranar rajistar JAMB ko buɗe asusun banki ko neman fasfo za a sha wuya. Sai an je kotu an yi rantsuwa, a buga a jarida, a biya kuɗin gyara, a yi ta jira. Yaro na iya rasa shekara guda ta karatu a kan wasali ɗaya. Uba, tun ranar suna ka rubuta yadda kake so, ka ba uwar yaro ta adana, kowace takarda a kwafa daga nan.

Ta biyu, kafin a raɗa suna a tambayi wanda ya sani. A rubuta masa da haruffan Larabci, a ji saiwa, a ji wasali. Mun ga yadda wasali ɗaya ya raba mai tsarewa da wanda aka tsare, ɗigo ɗaya ya raba Muhriz da Muharrar. A nan duka ma'anonin masu kyau ne, an yi sa'a. Ba kowane suna ne ke da wannan sa'ar ba.

Ta uku, a faɗa wa yaro ma'anar sunansa da labarin masu shi. Yaron da ya san takwaransa ya yi Badar, wani takwaran nasa kuma shi ne sanadin Risala, ba ya sunkuyar da kai don an tsokane shi a makaranta.

Kuma suna addu'a ne. Duk ɗan bautar ƙasa da aka turo Kano, a sansanin Kusalla da ke Ƙaraye yake yin makonninsa uku na farko. Hukumar ta NYSC kuwa wani Maharazu ya taɓa shugabantarta, Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, mutumin Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori a jihar Katsina. A watan Fabrairun 2025 'yan bindiga suka ɗauke shi daga gidansa, sai a watan Afrilu Allah Ya kuɓutar da shi. In janar guda bai tsira a ɗakinsa ba, ina ga manomi da ɗan kiwo? Rogo kuwa tana iyaka da Katsina da Kaduna, mutanenta sun san darajar kwana lafiya. Babu lokacin da muka fi buƙatar ma'anar wannan suna kamar yanzu: wurin da za a ajiye rai da dukiya a wayi gari a same su.

Don haka wanda duk aka raɗa wa Maharazu, an ɗora masa kaya ne. Amana in an ba shi ta tsira, sirri in an faɗa masa ya kwanta, na ƙasa da shi ya samu inuwa. Hausawa suka ce suna linzami, to ga inda wannan linzamin yake ja.

Allah Ya sanya mu da iyalanmu cikin hirzinSa, Ya zaunar da Ƙaraye da Rogo da Arewa baki ɗaya lafiya, Ya raya mana zuriya bisa sunaye nagari. In akwai mai sunan a gidanku, ku tura masa wannan. In kuma akwai wani tsohon suna a danginku da kuke son mu tono asalinsa, ku rubuto mana shi yadda kuke furta shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.